Tambaya da Amsa: Mu Gina Gidan Marayu ko Mu Tallafa wa Masu Riƙonsu?

Tambaya: Ƙungiyarmu ta matan unguwa ta tara kuɗi domin taimakon marayu, amma kanmu ya rabu. Wasu suna son a gina gida a tattara yaran wuri guda, wasu kuma sun ce a bar su a hannun dangin da suke riƙonsu. Wanne ya fi dacewa? Daga wata mai karatu.

Amsa: Malama, Allah ya saka muku da alheri. Shawarata ita ce ku jingine maganar gini, ku kai kuɗin nan gidajen da yaran suke zaune yanzu.

A ma'anar da hukumar UNICEF take amfani da ita, maraya shi ne yaron da bai kai shekara 18 ba wanda ya rasa uwa ko uba ko duka biyun, don haka mafi yawan waɗanda ake kira marayu suna da mahaifi ɗaya a raye, ko kaka, ko kawu. Sau da yawa rashin abin hannu ne yake sa a miƙa yaro gidan marayu, alhali masu ƙaunarsa suna nan. Shi ya sa ƙa'idojin kula da yaran da suka rasa renon iyaye, waɗanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi na'am da su a 2009, suka ce talauci shi kaɗai bai isa ya zama hujjar raba yaro da iyayensa ba, suka nemi a reni 'yan ƙasa da shekara 3 a cikin iyali, kuma kada a raba wa da ƙani sai da ƙwaƙƙwaran dalili.

An kuma gwada lamarin a aikace. A birnin Bukares na ƙasar Romaniya masu bincike sun bibiyi ƙananan yara 136 da suke gidajen marayu, aka mayar da rabinsu hannun iyayen riƙo. Waɗanda aka mayar sun fi sauran bunƙasar basira da shaƙuwa da mai renonsu, musamman idan an mayar da su kafin su cika shekara 2. Ma'aikaciya mai aikin karɓa-karɓa, komai kirkinta, tana tashi ta tafi gida idan lokacinta ya cika, jariri kuwa yana bukatar fuska ɗaya da zai saba da ita.

Ku fara da rubuta sunan kowane yaro da na mai riƙonsa, sannan ku ɗauki nauyin makaranta da magani da takardar haihuwa, ku ba uwar ko kakar ɗan jarin da za ta juya.

Sai dai kada ku ɗauka cewa hannun dangi kullum lafiya ne. Akwai gidajen da ake mayar da maraya ɗan aiki, a cire shi daga makaranta, a cinye masa gado, har a ci zarafinsa a ɓoye. A nan ne aikinku ya fi nauyi, kuma ba na kuɗi ba ne. Ku ware mata masu amana da riƙon sirri su riƙa ziyartar gidajen a kai a kai, su keɓe da yaron su ji ta bakinsa. Idan suka ga alamar duka ko yunwa ko lalata, kada a yi rufa-rufa da sunan zumunci, a sanar da jami'an jin daɗin jama'a domin a nema masa wani gidan riƙo ta hanyar doka.