Wace ma'anar talauci za ki sa a babi na biyu?

Malama, kin ce mai duba aikinki ya dawo miki da babi na biyu saboda kin kwaso ma'anar talauci daga ƙamus, kina tambaya wacce ce daidai tunda kowane fanni da tasa. Na daɗe ina taya ɗalibai gyaran kundi a nan Samaru, kuma a wannan wurin aka fi yin tuntuɓe.

Ƙamus yadda jama'a ke amfani da kalma yake kawowa. Ma'anar da bincike ke nema kuwa ita ce ke yanke miki wanda za ki ƙirga da wanda za ki bari. Dubi Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. A 2019 da kuɗi ta auna: duk wanda abin da yake kashewa a shekara bai kai naira 137,430 ba matalauci ne, aka sami kashi 40 cikin ɗari. A 2022 ta duba ilimi, lafiya, ruwan sha, makamashin girki, aikin yi da tsaro, sai ga kashi 63, mutum miliyan 133. Awo na biyu ya samo tushe daga ra'ayin Amartya Sen, masanin tattalin arziki, cewa talauci tauyewar abin da mutum ke iya yi da rayuwarsa ne, ba ƙarancin kuɗi kaɗai ba. Masanin zamantakewa kuma zai tambaya ko mutum na iya fita kunyar biki da suna kamar tsaransa.

Malamanmu na zaure a cikin birni sun daɗe da wannan tsari: a kawo ma'ana ta lugga, sannan ta isɗilahi, wato yadda masana fannin ke amfani da kalmar. A wurin Malikiyya miskini ya fi faƙiri shiga ƙunci, Shafi'iyya suka ce faƙiri ne, kowa da hujjarsa.

Abin da ke damuna shi ne ɗalibi ya jero ma'anoni goma, ya wuce bai ɗauki ko ɗaya ba. Ki kawo biyu ko uku, ki faɗi ra'in da kowacce ta fito daga cikinsa, ki zaɓi guda, ki ce ga dalili. Sannan ki ajiye takardar tambayoyinki kusa da ita. In kin bi Sen, amma abin da za ki tambayi mata masu ƙuli-ƙuli a Tudun Wada bai wuce cinikin rana ba, sai ki ƙara tambaya kan makarantar yara, kuɗin asibiti, da wanda ke riƙe ribar a gida.