Ga angona na Yamai, kan maganar addu'ar asuba

Angona, saƙonka ya iso. Ƙanwarka ta karanta mini shi sau biyu, na fari na yi dariya har na ƙware, na biyun kuwa na yi shiru. Wai tunda an cece ka sau ɗaya, ceton kuma ba ya ɓacewa, me ya sa muke tashin yara da asuba, muna roƙon gafara kullum kamar ba mu yarda da gicciye ba? To, sannu malam. Shekara guda a jami'a, har ka fara gyara wa kakarka addu'a.

Wannan gardamar ta girme ni, ta girmi mishan ɗin da suka buɗe asibitin Galmi a 1950. Marigayi kakanka ya sha gaya mini cewa Turawa sun zauna a kanta a wani gari, Dort, a ƙasar Holan, daga 1618 zuwa 1619, mabiyan Kalbin masu cewa ceto ba ya ɓacewa a gefe, na Arminiyus masu cewa yana iya ɓacewa a gefe, aka watse ba ta mutu ba. Shi kansa in ya buɗe Yohanna 10, inda Yesu ya ce ba mai ƙwace tumakinsa daga hannunsa, sai abokinsa mai bishara ya buɗe masa Ibraniyawa 6, ya ce to waɗannan da suka ɗanɗana baiwar Allah suka koma baya fa? Su kwana suna yi, ni ina dafa musu shayi. Amma ƙarfe biyar na asuba dukansu biyu suna durƙushe a tabarma ɗaya.

Bari in ba ka labarin da ko uwarka ban taɓa ba ta ba. Shekarar yunwa, 1974, ina ƴar shekara goma sha uku a ƙauyenmu kusa da Galmi. Shanu sun mutu, muna cin jar dawar taimako, hura ta zama ruwa-ruwa. Baba ya ɓoye geron iri a tulu, ya liƙe bakinsa da laka, ya ce ko za mu mutu ba a taɓa shi sai ruwa ya sauka. Ni kuwa na ga ƴan kunne a kasuwa, na ƙarfe ne ma, masu ɗan jan dutse. Na fasa lakar da dare, na ɗebi tiya guda, na sake liƙewa. Wauta ta hana ni tuna cewa sabuwar laka ba ta kama da tsohuwa.

Baba bai ce uffan ba. Al'adarsa, da asuba yakan tara mu, ya karanta aya a hasken fitilar ƙwai, ya kira sunan kowane ɗa a gaban Allah, daga babba zuwa ƙarami. Ranar na zauna can bakin zana, ina jira in ji ya tsallake ni. Ya kira sunana a gurbinsa, da muryar da ya saba. Na kasa cewa amin. Da aka zo wurin “ka gafarta mana laifofinmu”, harshena ya yi nauyi kamar dutsen niƙa. Kwana huɗu haka. Ana zuba mini rabona, ba a rage ko loma ba, amma abincin ba ya wucewa. Ƴan kunnen suna ƙulle a bakin zanena, ban taɓa sa su ba.

Rana ta biyar na same shi yana gyaran hauya, na zube, na faɗa masa. Bai ɗago kai ba ya ce, “Tun daren na gani. Sunanki bai fita daga bakina ba, ke ce kika tashi daga tabarma.” Daga nan ya ce in je in ɗebo ruwa. Inna ce ta ja kunnena daga baya, tana cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, amma wanda ya ƙi wanke miki ya shirya zama da wari.

Baba yana da tasa maganar, daga Yohanna 13 ya ɗauko ta: wanda ya yi wanka ba ya bukatar sakewa, sai wankin ƙafa. Yakan ƙara da cewa a ƙasar Adar, mai cewa ƙafarsa ba ta yi ƙura ba, bai fita ƙofar gida ba. Ko mutum na iya yin nisa har ya ɓace gaba ɗaya, wannan ka kai wa fastonku, ku buɗe ayoyin tare. Na ga waɗanda suka tafi shekara ashirin suka dawo, na ga waɗanda aka binne ba su dawo ba, ban kuwa leƙa zuciyar kowa ba.

Abin da ya dame ni dabam ne. Ku ƴan yanzu kuna kwana kan waya kuna sauraron masu wa'azin da ba su san sunanku ba, gari ya waye ku nemo ayar da za ta ba ku izinin barci. Gaya mini gaskiya, angona, tauhidi ne ya hana ka tashi, ko sanyin hunturu? Laifinmu ne ma wani ɓangare, mun tashe ku da tsawa, ba mu taɓa gaya muku dalili ba.

In ka zo Tawa Kirsimeti, tabarmar tana nan, da asuba zan kira sunanka ko kana minshari. Ka taho mini da man zafi, gwiwar nan ta hana ni durƙuso, a kujera nake yi yanzu. Ka gaida kawunka.