Sabon Affinity na kyauta: amsar tambayar da ka yi mini a shago

Ɗana, jiya ina shirin kulle shago ka tare ni da tambaya. Ka ce ka sauke sabon Affinity a laftof ɗinka, ka ga kyauta ne, ka ga ya haɗa zane da gyaran hoto da tsara littafi wuri guda, shin me zai hana mu goge CorelDRAW, manhajar zanen da muke aiki da ita, daga kwamfutocin shago mu koma kansa gaba ɗaya? Na ce ka bari sai na natsu, don ba amsar bakin ƙofa ba ce. Ni ma na yi kwanaki ina taɓa shi bayan an tashi aiki, kuma ga abin da na gani.

Da farko ka san da wa kake hulɗa. Wani kamfani ne mai suna Serif a birnin Nottingham na Ingila ya ƙirƙiri Affinity. Ya fitar da Designer a 2014, Photo a 2015, sannan Publisher a 2019, kowanne da kuɗinsa, amma biya ɗaya ne, ba na wata-wata ba. Abin da ya ja masa mutane ke nan, domin tun 2013 Adobe ya koma tsarin haya, ka daina biya a rufe maka ƙofa. A watan Maris na 2024 kamfanin Canva na Ostireliya ya sayi Serif, sannan ranar 30 ga Oktoba 2025 aka narkar da manhajojin nan uku suka zama ɗaya, aka ce kyauta ne ga mai Windows da mai Mac. Kafin nan kowacce ɗaya wajen dala 70 ake sayar da ita. Ka lissafa wannan da naira ka ga abin da aka ajiye maka a gabanka.

Kuma kyautar ta gaske ce, ba irin wadda za a bar ka ka gama aiki sannan a hana ka fitar da shi ba. Alƙalamin zane, launukan CMYK (launuka huɗu na injin bugu), fitar da PDF na bugu, shafuka masu yawa, duk a buɗe suke. Abin da aka kulle shi ne kayan ƙirƙirarriyar basira na Canva, irin waɗanda za ka rubuta umarni su haifa maka hoto, waɗannan sai mai biyan kuɗin Canva. Sai kuma sharaɗin buɗe asusun Canva da shiga intanet a karon farko. Bayan nan na yi aiki da shi data a kashe, bai tsayar da ni ba.

Wannan batu na kyauta ya taɓa ni fiye da yadda kake zato. Ka san yadda yawancin shagunan sana'armu suke: fasasshen Corel ne a kan kwamfutoci, an kwafo daga filashin wani. Ni ma da shi na koyi aiki, kuma zuciyata ba ta taɓa kwanciya da shi ba, don haƙƙin mutane ne. Ban da haƙƙin, akwai asara. Na taɓa rasa aikin kalandar wata makaranta, shafi goma sha biyu, saboda ƙwayar cutar da ta biyo irin wannan kwafi ta cinye fayilolin daren da za a kai bugu. Yaron da zai fara sana'a yau ya samu kayan aiki na halak a hannunsa ba tare da sisi ba. Wannan kaɗai ya isa in ce maka ka koye shi, ka koye shi sosai.

Abin da ya fi burge ni a cikinsa shi ne rashin yawo tsakanin manhajoji. Ɗauki katin ɗaurin aure. A yadda muka saba, hoton ango sai an kai shi Photoshop an cire bayansa, an gyara haske, an adana, an shigo da shi Corel. Mai aiki ya dawo ya ce fuskar ta yi duhu, sai a sake komawa, a sake adanawa, a sake shigowa. A Affinity akwai ɗakuna uku a saman allo, Vector na zane, Pixel na hoto, Layout na tsara shafi, kuma fayil ɗaya ne. Na danna Pixel, na share bayan hoton da buroshi, na ƙara haske, na danna Vector na ci gaba da rubutu, hoton yana nan inda na ajiye shi. Gyaran hasken ma ba ya cin asalin hoton, shimfiɗa ce a kansa, ko bayan mako guda za ka iya rage ta ko ka cire ta. Mai aiki yana zaune a gefenka yana cewa a ƙara, a rage, kana yi yana gani. Wanda bai taɓa kwana a shago ranar jajibirin biki ba ba zai san darajar wannan ba.

Sun kuma ƙara abin da masu Affinity suka yi shekaru suna roƙo, wato mayar da hoto zanen layi, aikin da PowerTRACE yake mana a Corel. Na gwada da tambarin wani shagon takalma da aka turo ta WhatsApp. Inda tambarin yake da tsabta ya fito da kyau. Inda ya dushe ya fito da ƙuraje, sai da na bi da hannu, kuma haka Corel ma yake yi. Kada ka dogara da shi ka ƙi koyon zana tambari da alƙalami.

To, yanzu ga inda na tsaya.

Ranar da na fara gwajin gaske, katin walimar saukar Alƙur'ani na ɗauka, don shi ne irin aikin da ba ya yanke mana. Na kafa firam, na zuba launin kore da ruwan zinare, komai lafiya. Na zo saman kati zan sa Bismillah, na manna rubutun, sai ga haruffa a wawwatse, kowanne tsaye shi kaɗai ba su haɗu ba, kuma sun jeru daga hagu zuwa dama. Harafin ba ya rabu da sin, sin ya rabu da mim. Na canja salon rubutu har sau huɗu, abu ɗaya. Affinity bai iya rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu ba. Tsohon ma haka yake, masu aiki da Larabci da Farisanci da Ibrananci sun daɗe suna kuka da wannan, kuma wanda na gwada bai gyara ba.

Ga mai shago a Landan wannan ƙaramin abu ne. Mu kuwa ka duba teburinmu: satifiket na Islamiyya, katin walima, fostar Maulidi, sanarwar tafsirin azumi, kalandar da ke ɗauke da watannin Hijira, littattafan addu'o'i, wani lokaci har ajami. Da wuya yini ya wuce ba mu sa Larabci a aiki ba. Kuma kuskure a nan ba irin kuskuren boko ba ne. Idan ka rubuta sunan ango ba daidai ba, za a yi maka faɗa a sake bugawa. Idan aya ta fita a juye a kati ɗari biyar, aka rarraba a gari, wannan nauyi ne a wuyanka, ba na kuɗi kaɗai ba. Abin da na fi tsoro shi ne yaron da bai iya karatun Larabci sosai ba, ya ga haruffa sun bayyana, ya ɗauka daidai ne.

Akwai dabara, kuma ita na yi. Na rubuta Bismillah a inda aka iya ta, na mayar da rubutun zane, na fitar da shi a PDF, sannan na shigo da shi Affinity kamar tambari. A Corel wannan shi ne Ctrl da Q da ka sani, kuma Inkscape ma, wanda shi ma kyauta ne, yana rubuta Larabci daidai. Layi ɗaya ko biyu wannan ya wadatar. Amma littafin addu'o'i mai shafi sittin, kowane shafi Larabci da fassara? Malam ya dawo ya ce wasali ɗaya ya faɗi a shafi na arba'in, sai ka koma can ka gyara, ka sake mayarwa, ka sake shigowa. Yawon da aka raba ka da shi a wajen hoto ya dawo maka ta wajen rubutu.

Haruffanmu masu lanƙwasa kuwa, ɓ da ɗ da ƙ, ba su ba ni matsala ba muddin salon rubutun yana da su. Idan ba shi da su, manhajar za ta aro harafin daga wani salo, sai ka ga ƙ ɗaya ta fita daban a tsakiyar kalma, siririya cikin masu kauri. Ka riƙa zuƙo rubutu kana dubawa kafin ka tura.

Matsala ta biyu ita ce fayil. Affinity yana buɗe PDF da SVG da EPS da PSD na Photoshop, har da IDML na InDesign, amma ba ya buɗe CDR, wato fayil ɗin Corel. Ka tuna abin da ke cikin babbar kwamfutar shago: aikin shekaru, rasit na 'yan kasuwa, takardun kai na makarantu, tambarin ƙungiyoyi, duka CDR. Alhajin da ya yi rasit shekara huɗu da suka wuce zai zo ya ce a sake masa, a canja lambar waya kawai. Aikin minti biyar ne idan Corel yana nan. Idan mun goge shi, sai a sake zane daga farko.

Kuma aikinmu ba a kwamfutarmu yake ƙarewa ba. Daga nan yana zuwa wurin mai fitar da farantin bugu, ko mai injin fleks, ko mai yanka sitika, kuma kusan dukkansu Corel ne a gabansu. Ka kai musu fayil ɗin Affinity mai wutsiyar af, ba su da abin buɗe shi. Ko wanda yake da tsohon Affinity na biyu ba zai buɗe fayil ɗin sabon ba. Injinan yanka sitika irin su Graphtec da Roland, ƙananan manhajojin da ke tura musu aiki kai tsaye don Corel da Illustrator aka yi su. Saboda haka hanyarka ɗaya ce, PDF, kuma dole ka iya fitar da shi da kyau, don mai injin ba zai iya gyara maka cikin sauƙi ba kamar yadda yake yi idan CDR ka kai.

A nan nake so ka buɗe kunne. Tun wajen buɗe sabon shafi ka zaɓi CMYK idan aikin bugu ne, kada ka bari sai ƙarshe. Ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka. Hotunan kati da mujalla su kai DPI 300, wato ɗigo 300 a kowane inci, banar talla kuwa da ake kallo daga nesa ba ta buƙatar haka. Sannan baƙi. Ƙananan rubutu su zama baƙi zalla, wato K, launin baƙi na CMYK, ya zama ɗari, sauran ukun sifili. Idan ka yi aiki a RGB, launukan allo, ka juya daga baya, baƙin zai rabu gida huɗu, ya hau faranti huɗu, kuma da injin ya ɗan goce ko da gashin kai ne, sai ka ga rubutu da inuwar ja da shuɗi a gefensa. Kafin ka tura, ka mayar da rubutu zane, a Affinity Ctrl da Enter ne, amma ka ajiye kwafin da ba a mayar ba don gyaran gobe. Ka buɗe PDF ɗin da ka fitar ka duba shi shafi-shafi da idonka.

Hannunka ma zai yi gardama na ɗan lokaci. PowerClip da ka saba saka hoto cikin siffa da shi a Corel, babu shi da wannan suna, sai dai ka ja hoto ka saka shi ƙarƙashin siffa a jerin shimfiɗu. Jera kati da yawa a takarda ɗaya, wanda Corel yake yi mana a wajen duba bugu cikin daƙiƙa, har yanzu ya fi mini sauri a can. Tsohuwar kwamfutar da ke kusurwa kuma ka ƙyale ta, sai Windows 10 ko sama, kuma mai ƙaramin ƙwaƙwalwa za ta riƙa numfashi da zarar hotuna sun yi yawa.

Akwai wani abu da nake riƙe da shi a raina. Da, wanda ya sayi Affinity ya mallaki lasisinsa. Yanzu da asusun Canva kake shiga, kuma kamfanin da ya ba ka kyauta shi ke da ikon tsara sharuɗɗansa. Sun ce zai ci gaba da zama kyauta, kuma ban ga dalilin ƙaryata su ba. Amma duk aikin da ka gama, ka ajiye kwafinsa a PDF, tambari kuma a SVG, a filashi daban. Haka nake so ka yi ko da Corel ne.

Don haka ba za mu goge komai ba. Ga yadda za mu yi. Duk aikin da zai ƙare a waya, irin tallan WhatsApp da Facebook da Instagram, da gyaran hotunan biki, ka yi shi a Affinity daga yau, ya fi dacewa da shi. Aikin da ke da Larabci mai yawa, da sake tsofaffin ayyuka, da duk abin da zai je injin yanka, su tsaya a Corel. Aikin bugu na boko zalla kuma za mu gwada a hankali. Akwai takardar talla ta mai shagon ɗinkin nan, guda dubu, gaba da baya, wadda za a karɓa ranar Alhamis. Ka yi ta a Affinity daga farko har ƙarshe, ka fitar da PDF, ka kawo mini in duba baƙin da rarar gefe kafin ta bar shago. Idan za a fitar da farantin, tare za mu je, ka tsaya kusa da mai injin ka ga yadda launukan suka rabu.