Ku Tambaya Mu Amsa: Daga Ina Sunan Bellingham Ya Fito?

Tambaya: Assalamu alaikum. Gardama ce ta kaure mana a gidan kallon ƙwallo nan Gusau a kan Jude Bellingham na Real Madrid. Wani ya rantse sunan daga Bello aka samo shi, wai kakansa na can baya Bafulatani ne. Ni kuwa na ce sunan gari ne. Don Allah ku raba mu. (Mai karatu daga Gusau)

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, kai ka ci gardama, abokinka ya biya kuɗin shayi. Bello suna ne da ya zo mana daga Fulatanci, Bellingham kuwa tsohon Turanci ne na tun kafin shekara ta 1066. Kamar da ke tsakaninsu a kunne kawai ta tsaya.

Bellingham ƙaramin gari ne a lardin Northumberland, can ƙuryar arewacin Ingila dab da iyakar Sikotilan, a bakin kogin North Tyne. Sunan gaɓa uku ne, kuma Bahaushe zai fi Baturen yau saurin gane ginin. Gaɓar ƙarshe, ham, tana nufin gida ko mazauni, kamar yadda ake cewa Gidan wane ko Tungar wane a ƙasar Kabi da Zamfara. Ta tsakiya, ing, aikinta ɗaya da "awa" ɗinmu na Kabawa, Gobirawa, Zamfarawa, wato mutanen wane ko mutanen wuri kaza. A kan gaɓar farko masana suka rabu biyu: wasu sun ce sunan wani mutum ne Bella, wasu sun ce tudu ne mai siffar ƙararrawa, domin kalmar ƙararrawa ke nan a harshensu. Ko dai tungar mutanen Bella, ko tungar mazauna gindin tudu.

Sai dai ba shi kaɗai ne Bellingham ba. Akwai wani a kudu maso gabashin Landan, cikin Lewisham, wanda da can yake ƙasar Kent. A takardun ƙarni na 10 Beringaham aka rubuta shi, ma'anarsa fadamar mutanen wani Beora, don gaɓar ƙarshensa hamm ce mai "m" biyu, wadda ke nufin fadama ko ƙasar da kogi ya kewaye. Bayan Normawa masu jin Faransanci sun ci Ingila a 1066, bakin magatakardansu ya mai da "r" ta koma "l". Ga garuruwa biyu, tushe daban, rubutu ya haɗe su. Kamar Sabon Birni ne ko Tudun Wada: in mutum ya ce maka daga can yake, sai ka tambaye shi wanne.

Furuci ma ya bambanta. Mutanen Northumberland "Belinjam" suke kiran garinsu, da "j", haka kuma suke yi wa Ovingham da Whittingham na lardin. Sauran Ingila "Belingam" suke cewa, su haɗiye "h" ɗin, kuma haka ake kiran ɗan wasan. Amurkawa ne ke fitar da "ham" ɗin cikakke.

Tambaya: Na ga an ce a Stourbridge kusa da Birmingham aka haifi ɗan wasan a 2003, na kuma ga akwai birni mai wannan suna a Amurka. Yaya sunan ƙauye ɗaya ya yi wannan yawo? Kuma duk masu sunan dangi ne? (Malamin makaranta daga Argungu)

Amsa: Malam, ka fara da abin da ka sani a gida. A cikin Argungu ba wanda ake kira wane Argungu, don kowa ɗan Argungu ne. Sai yaro ya tafi makaranta Sakkwato ko Zariya, aka tarar da Muhammadu biyar a aji, sannan a liƙa masa garinsu. Haka aka yi a Ingila. Sunan gari yakan kama mutum iri biyu: wanda ya bar garin, da mai mallakar ƙasar garin. Shi ya sa sau da yawa in ka je ainihin ƙauyen ba za ka sami mai sunan ko ɗaya ba. Tsakanin Bellingham ta arewa da Stourbridge akwai kusan kilomita 300, ya fi nisan Gusau zuwa Sakkwato, kuma cikin tsawon shekara 700 wannan ba tafiya ba ce.

Da fari ana rubuta "de Bellingham", wato na Bellingham, da ɗan harafin Faransanci a gaba. Wajen shekara ta 1400, lokacin da sunayen iyali suka zama abin gado a yawancin Ingila, "de" ɗin ya fara zubewa. Daga nan jikan da bai taɓa taka garin ba ya ci gaba da amsa sunan.

Gidan da tarihi ya fi riƙewa shi ne na arewa. Aure ya kai su Burneside kusa da Kendal a lardin Westmorland. Wani reshensu ya sayi gidan Levens Hall a 1562, suka riƙe shi fiye da shekara 120, ya fita hannunsu a ƙarshen shekarun 1680, kuma labarin da ake bayarwa har yau shi ne bashin caca ya ci shi. Wani reshen ya ƙetara Ailan. Henry Bellingham, soja a rundunar Cromwell, jagoran da ya mulki Ingila a tsakiyar ƙarni na 17, ya sami ƙasar Gernonstown a lardin Louth, daga baya wurin ya koma Castlebellingham. Ka lura da juyin: da gari ne ya ba iyali suna, yanzu iyali ne suka ba gari.

Amurka ta samu ta ƙofa biyu. Richard Bellingham, lauya daga Lincolnshire, ya yi ƙaura zuwa Massachusetts a 1634, ya yi gwamna a 1641, da 1654, sannan daga 1665 har ya mutu a 1672. Don tunawa da shi aka raɗa wa wani gari sunansa a 1719. Birnin da kake nufi kuwa yana jihar Washington, a gaɓar tekun Fasifik. A 1792 matuƙin jirgin ruwa George Vancouver ya sa wa mashigin ruwan wurin sunan William Bellingham, wani jami'in lissafin kayan rundunar ruwan Birtaniya, ɗan gidan Castlebellingham. Birnin ya ɗauki sunan mashigin a 1903 bayan haɗe garuruwan da ke bakinsa. Don haka ganin sunan a taswira ba shaida ba ce cewa zuri'ar ta zauna wurin. Girmamawa ce kawai, irin yadda ake sa wa titi sunan wanda bai taɓa bi ta kansa ba.

Sunan ya shiga tarihi ta mummunar hanya ma. John Bellingham, ɗan kasuwar da ke jin gwamnati ta yi watsi da shi bayan an ɗaure shi a Rasha, ya harbe Firayim Minista Spencer Perceval a harabar majalisa ran 11 ga Mayu 1812, aka rataye shi bayan mako guda. Shi ne kaɗai firayim ministan Birtaniya da aka taɓa kashewa. A zamanin nan kuma wani Henry Bellingham ya riƙe muƙamin ministan harkokin Afirka na Birtaniya daga 2010 zuwa 2012.

Batun dangantaka, a'a. Garuruwa biyu ne tun farko, kuma ko daga gari ɗaya mutum uku da ba su haɗa jini ba na iya fita kowa ya sami sunan. Ga kuma Billingham, wani gari daban a Durham, wanda harafi ɗaya ya raba su, kuma magatakarda sun sha musanya su. Suna shi kaɗai ba ya ɗora ɗan wasan, ko wani, a kan gidan Levens.

Tambaya: Ni ɗaliba ce mai nazarin harshe, ina son yin aiki a kan yaɗuwar sunan iyali irin wannan. Ta ina ake farawa, kuma ina ake yin kuskure? (Ɗaliba daga Birnin Kebbi)

Amsa: Malama, dokar farko ita ce daga yau ake komawa baya. Masu farawa daga tsohon basarake su gangaro suna neman inda za su rataya mutumin yau, su ne ke ƙirƙiro salsalar ƙarya.

Kafin ki buɗe kowace rajista, zauna ki jera duk yadda kunne zai iya jin sunan: Bellingham, Belingham, Bellingam, Bellinjam, Billingham. Kafin karatu ya yaɗu a ƙarni na 19, limamin coci ko mai ƙidaya ne ke rubutawa yadda ya ji, mai sunan ba ya iya gyara masa. Mutum ɗaya na iya fitowa da rubutu uku, ran baftisma, ran aure, ran binnewa. Masu kwafe tsofaffin takardu zuwa kwamfuta sun ƙara nasu, don a rubutun hannu "e" da "i" kan rikice, "B" kuma ta koma "R". In injin nema ya yarda, sa tauraro a gurbin wasalin, B*l*ng*m, sannan ki tace da ido.

Ƙidayar jama'ar Birtaniya ta 1881 ita ce ma'aunin da masana suka fi amfani da shi wurin zana taswirar suna, domin an kwafe ta gaba ɗaya kuma tana nuna inda aka haifi kowa. Wannan layi na mahaifa ya fi na mazauni amfani: tsoho mai shekara 70 a 1881 yana gaya miki inda iyalinsa suke wajen 1811, kafin jirgin ƙasa ya warwatsa mutane. Kuskuren da ya fi yawa a nan shi ne ƙirga kawuna tsagwaronsu. Landan za ta riƙa zuwa ta ɗaya a kusan kowane suna, saboda yawanta. Raba adadin masu sunan da yawan mutanen lardin, ki fitar da shi cikin kowane 100,000. A misali, mutum 200 a birni mai miliyan 4 biyar ne kacal cikin 100,000, amma mutum 50 a lardi mai 100,000 hamsin ne. Lardi na biyu ne gidan sunan, ninki goma. In kin samu a ƙaramar gunduma maimakon lardi, ya fi kyau, don suna marar yawa kan taru a ƙauyuka biyu ko uku.

Daga nan sai matakala. Ƙidaya mai sunayen mutane ta fara a 1841. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta gwamnati ta fara ran 1 ga Yuli 1837. Kafin nan sai rajistar coci, wadda aka ba da umarnin buɗewa a 1538, ko da yake kaɗan ne suka tsira tun daga farkon. Harajin murhu, sule biyu a shekara kan kowane murhu daga 1662 zuwa 1689, yana ba da sunayen masu gida gari gari, shi ne taswira ta biyu da za ki ɗora kan ta 1881 ki ga inda suna ya gusa. Can baya akwai kuɗin kai na 1377, 1379 da 1381. Na farkon kwabo huɗu ne kan duk wanda ya kai shekara 14. A takardun wannan zamani ake kama suna yana ɗauke da "de" ɗinsa.

Ramukan da ke hanya sanannu ne. Kada ki ɓata lokaci neman Bellingham ta arewa a kundin Domesday na 1086, wato rajistar filaye da dukiyar Ingila, masu binciken Sarki William ba su shiga Northumberland da Durham ba. Ƙidayar Ingila ta 1931 ta ƙone a gobara a 1942, ta 1941 kuma yaƙi ya hana a yi, saboda haka ta 1921, da aka buɗe a 2022, ita ce ta ƙarshe da za ki gani zuwa wani dogon lokaci. Reshen Ailan ya fi wuya, don ma'ajiyar takardun Dublin ta tashi da wuta a 1922. Sannan kafin 1752 shekarar Ingila ran 25 ga Maris take farawa, don haka yaron da rajista ta ce an yi wa baftisma a Fabrairun 1700, a lissafinmu 1701 ne. Wannan kaɗai ya sa wasu sun "gano" ɗan da aka haifa kafin auren iyayensa.

Gwajin ƙwayoyin halitta na layin uba yana taimakawa, amma maza kawai ake yi wa, kuma amfaninsa ya tsaya ga nuna ko rassa biyu kaka ɗaya suka haɗa. Ba ya faɗin sunan ƙauye.

Tambaya: Mu ma da muke sa sunan gari, haka namu zai koma? (Mai karatu daga Talata Mafara)

Amsa: Ya ma fara, Alhaji. A da sunan gari kan mutu da mai shi, ɗa ya ɗauki sunan ubansa. Takardun makaranta, banki da katin ɗan ƙasa ne suka matsa sai an cike gurbin sunan iyali, sai ga yaran da aka haifa Kaduna ko Abuja suna amsa Shinkafi, Aliero, Maradun. Sauyin rubutu ma ya shigo: garin Gummi da "m" biyu ake rubuta shi, amma Sheikh Abubakar Mahmud Gumi da ɗaya aka san shi, haka kuma ɗansa Dokta Ahmad Gumi ya gada. In za ka sa wa 'ya'yanka garinku, zaɓi rubutu ɗaya tun daga takardar haihuwa. Wanda ya rubuta T/Mafara a takardar jarrabawa, Mafara a banki, Talata Mafara a katin ɗan ƙasa, kwamfuta mutum uku take ɗaukarsa, kuma sai ya je kotu ya yi rantsuwa kafin a haɗe su.