Netflix ko Prime Video: wanne zan biya don finafinan Sifaniyanci?

Tambaya: Ina koyon Sifaniyanci, kuma ina son kallon finafinan da ake yabo a bukukuwan finafinai na Turai. Kuɗina na rajista ɗaya ne kacal a wata. Netflix zan biya ko Prime Video? (Wata ɗaliba daga Zariya)

Amsa: Malama, fara da rubuta sunayen finafinan da kike nema, ki bincika a manhajar ko akwai su kafin ki taɓa katinki, don abin da ake nunawa a Sifaniya ba lallai ne a same shi a Najeriya ba. A Netflix akwai La sociedad de la nieve na J. A. Bayona, wanda ya rufe bikin Venice a 2023 ya kuma kwashe lambobin Goya 12, wato manyan lambobin yabon finafinan Sifaniya. Labarin jirgin 'yan Uruguay ne da ya faɗi a tsaunukan Andes a 1972, mutum 16 cikin 45 suka rayu bayan kwana 72 cikin ƙanƙara. Yadda suka rayun kuwa, cin naman mamatan ne, don haka kada ki kunna shi gaban ƙanne.

A Prime Video akwai Argentina, 1985, labarin shari'ar shugabannin mulkin sojan Argentina da lauya Julio Strassera ya jagoranci masu gabatar da ƙara a cikinta. Ni shi zan zaɓar miki. Kotu ce, magana ce zalla, kunne zai samu aiki, kuma wanda ya ga mulkin soja a nan ba sai an yi masa dogon bayani ba. Sai dai lafazin Buenos Aires ya bambanta da na Madrid da malaminki ke koyarwa, ki kunna fassarar ƙasan allo da Sifaniyancin kanta. Ki biya wata ɗaya, ki sauke finafinan a inda akwai waifai, wata mai zuwa ki koma ɗayan.

Tambaya: An ce in kalli finafinan yankin Basque na arewacin Sifaniya don ƙara gogewa a Sifaniyanci. Gaskiya ne?

Amsa: Ɗan'uwa, wanda ya ba ka shawarar ya haɗa kifi da kaska. Euskara, harshen Basque, ba shi da dangantaka da Sifaniyanci ko wani harshen Turai mai rai. Ka kalle su don daɗinsu. Handia na 2017 yana ba da labarin wani dogon mutum daga ƙauyen Altzo da aka riƙa yawo da shi biranen Turai a ƙarni na 19 ana biyan kuɗi a gan shi. Ya ci Goya 10. Shi kuma 20.000 especies de abejas, wanda yarinya Sofía Otero ta ci lambar wasan kwaikwayo da shi a Berlin a 2023, batun jinsin yaro yake taɓawa. Ka karanta taƙaitaccen labarinsa kafin ka yanke shawarar kunna shi a falo.