Amsoshin Tambayoyinku: Ɗana yana rikita LCM da HCF

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ɗana yana aji shida na firamare, bana zai zauna jarrabawar shiga sakandare. In aka ba shi 6 da 8 aka ce ya nemo LCM, sai ya rubuta 2, alhali 24 ake so. Ni bokona bai yi nisa ba, Islamiyya na fi yi. Yaya zan taimaka masa? Daga wata uwa, Daura.

AMSA: Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya raya mana shi, ya ba shi sa'a. Ki kwantar da hankalinki, yaron nan ya iya aiki. Wannan 2 da yake rubutawa amsa ce sahihiya, sai dai ta HCF ce. Bai gane abin da ake tambayarsa ba ne kawai. Na daɗe ina koyar da lissafi a nan birnin Katsina, kuma yana damuna ƙwarai yadda muke gaggawar zana wa yara tsanin rabawa a allo tun ba su san me ake nema da shi ba.

HCF ita ce lamba mafi girma da za ta raba lambobin duka ba saura. Ki zube masa goro 36 da dabino 60 a faranti, ki ce za a ƙulla wa baƙin suna, kowane ƙulli daidai da ɗan'uwansa, kada komai ya rage. Ƙulli nawa ne mafi yawa da zai samu? Zai gwada 2, 3, 4, 6, duk su yi, har ya tsaya a 12: goro 3 da dabino 5 a kowanne. Daga nan zai lura HCF ba ta taɓa wuce ƙaramar lambar da aka bayar.

LCM kuwa, tunda kin yi Islamiyya, kin riga kin san ta, a babin rabon gado. Mutum ya rasu ya bar mata da mahaifiya da ɗa namiji guda. Bisa aya ta 11 da ta 12 ta Suratun Nisa'i, mahaifiya tana da sudusi, ɗaya bisa 6, mata tana da sumuni, ɗaya bisa 8. To kashi nawa za a kasa dukiyar don kowace ta ɗauki nata ba tare da an gutsura kashi ba? Ana neman lamba mafi ƙanƙanta da 6 da 8 duk za su shiga cikinta ba saura, wato LCM ke nan. Ninkin 6: 6, 12, 18, 24. Ninkin 8: 8, 16, 24. Sun haɗu a 24, abin da malaman gado ke kira asalin mas'ala. Mahaifiya ta ɗauki 4, mata 3, ɗa ya kwashe 17 da suka rage. In bayan biyan bashi da wasiyya naira 240,000 ta saura, kowane kashi 10,000 ke nan: 40,000, da 30,000, da 170,000. Haƙƙin marayu da zawarawa ne ke rataye a kan wannan ɗan lissafin, shi ya sa ba na son yaro ya ɗauke shi abin hadda don jarrabawa.

Malamanmu na zaure ma ba sa tsayawa jera ninki. Sukan ce tsakanin 6 da 8 akwai tawafuƙi, wato 2 tana raba su duka, sai su ɗauki rabin 6 su buga da 8, a samu 24. Ga inda 2 ɗin ɗanki ke da amfani: a lambobi biyu, in ka buga su da juna ka raba da HCF, LCM ce za ta fito. 6 sau 8 ya ba da 48, a raba da 2, 24. In babu abin da ke raba su sai 1, kamar 3 da 8, wannan tabayuni ne, bugawa kawai ake yi. In kuma ɗaya tana shiga cikin ɗaya, kamar 3 da 6, tadahuli ne, babbar ake ɗauka.

Kafin ya taɓa biro, ki riƙa tambayarsa: amsar nan za ta raba lambobin ne, ko su za su shiga cikinta? Yau da dare ki gwada shi da wannan: mace ta rasu ta bar miji mai rubu'i, ɗaya bisa 4, da mahaifiya mai sudusi, da ɗa guda. Ya kamata ya samo 12, miji 3, mahaifiya 2, ɗa 7.