Amsar Kawu Kan 'Ya'ya Uku Masu Suna Ɗaya

Assalamu alaikum 'yata,

Saƙonki ya iso tun ranar Laraba, na jinkirta ne sai na samu natsuwa, don tambayar ba irin wadda ake amsawa a tsaye ba ce. Kin ce dattijuwar da kike zaune a gidanta a jihar Pennsylvania ta Amurka ta ɗauko miki tsohon Baibul ɗin gidansu, ta roƙe ki ki taya ta neman asalin kakan kakanta da ya zo daga Jamus, sai kuka tarar an rubuta 'ya'yansa maza uku duk da sunan Johann. Kina tambaya ko hannun marubuci ne ya goce ko kuwa al'ada ce, sannan me ya sa sunan gidan ya sha bamban daga takarda zuwa takarda.

Al'ada ce, kuma ke ce ya kamata ki riga kowa ganewa. Ki tuna gidan kakanki: ni Muhammadu, ƙanena Muhammadu, amma kin taɓa jin an kira ɗayanmu da shi? Sunan da ke biye shi ne ya bi mu kasuwa da makaranta. Haka Jamusawan wancan zamani suke yi. Ranar baftisma ana raɗa wa yaro suna biyu. Na farko na addini ne, galibi Johann ga maza, Maria ko Anna ga mata. Na biyu shi ne sunan kira, suna ce masa Rufname. Wanda aka rubuta Johann Georg, Georg ne a bakin uwarsa da matarsa, kuma sau da yawa da Georg ɗin kaɗai za ki same shi a takardar sayen gona. Don haka ki koma Baibul ɗin ki duba abin da ke bin kowane Johann.

Akwai kuma wani abu da ya taɓa zuciyata shekarun da na yi a Hamburg ta Jamus. Wani abokin karatuna ya nuna mini hoton shafin littafin cocin ƙauyensu. Sai ga yara biyu na uba ɗaya, suna iri ɗaya sak, tsakaninsu shekara biyu. A gefen sunan na farko an zana ɗan ƙaramin gicciye da tawada. Ya ce mini alamar ya rasu ke nan, sai iyayen suka mayar wa ƙanensa sunan. Na daɗe ina kallon wannan 'yar alama. In kin ga irinta kada ki wuce, don nan mutane ke ɗaura zuriya a kan yaron da bai ko yi wayo ba. Kama da wane ba wane ba ne. Ki riƙa lura da sunayen waɗanda suka tsaya wa yaro a baftisma, domin yawanci daga wurinsu ake ɗauko sunan kiran, kuma dangi ne ko maƙwabta na kusa.

Batun sunan gida mai sauƙi ne. Da yawa daga sana'a suka fito: Schmidt maƙeri, Weber masaƙi, Müller mai niƙa, Zimmermann kafinta. Da suka shiga cikin masu Ingilishi sai Schmidt ya koma Smith, Müller ya koma Miller, Zimmermann wani lokaci aka fassara shi ɗungurungum ya zama Carpenter. Wasu magatakarda ne suka rubuta yadda kunnensu ya ji, wasu kuma da kansu suka sauya, musamman bayan Amurka ta shiga yaƙi da Jamus a 1917, lokacin da sunan Jamusanci ya zama abin ɓoyewa.

To amma ga abin da nake so ki riƙe da kyau. Kada ku ce za ku nemi mutumin nan a Jamus. Ƙauyensa za ku nema. Kafin 1871 babu dunƙulalliyar ƙasa mai wannan suna, sai masarautu irin su Prussia da Bavaria da Baden da Württemberg, kowace da nata tsari. Rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta hukuma ba ta game ƙasar duka ba sai 1876. Kafin nan, a yawancin wurare limamin cocin kowane gari ne yake rubutawa a littafinsa. Wanda bai san sunan garin ba, bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba, ga shi masu suna Johann Schmidt ba su ƙidayuwa.

Saboda haka daga inda kuke za ku fara, ku riƙa komawa baya. Ku je maƙabarta ku karanta dutsen kabarinsa. Ku nemi littafin cocin da aka yi jana'izarsa, don limaman Jamusawa kan rubuta garin haihuwar mamaci. Ku duba takardar zama ɗan ƙasa, da duk wata tsohuwar wasiƙa da ke ƙasan akwati. Sai kun samu shekarar zuwansa sannan ku waiwayi jirgin ruwa. Jamusawa sun daɗe a jihar da kike, tun 1683 da iyalai 13 daga garin Krefeld na Jamus suka kafa garin Germantown, kuma daga 1727 hukuma ta tilasta a riƙa rubuta sunayen baƙin da suka sauka a Philadelphia. Idan kuwa daga baya ya zo, ku yi fatan ta Hamburg ya tashi, domin jerin fasinjojinta daga 1850 zuwa 1934 yana nan, har da garin da mutum ya fito. Na Bremen, ɗaya babbar tashar jiragen ruwan Jamus, akasarinsu sun salwanta.

Rubutun zai ba ki wuya, in gaya miki tun yanzu. Tsohon salo ne mai suna Kurrent, wanda aka daina koyarwa tun 1941, har jikokin masu shi ba sa iya karantawa, kamar yadda wasiƙun ajamin kakanki ke gagarar 'yan'uwanki. Harafin e kamar n yake, u kuma sai da 'yar ƙugiya a samansa ake bambanta shi. Harafi ɗaya in ya kuɓuce, kin tafi wani gari daban. Ki nemi wanda ya ƙware ya duba miki sunan garin kafin ku rubuta wa kowa.

Ki kuma bi dattijuwar nan a hankali. Yawancin waɗanda suka bar gida talauci ne ya kore su: gonar da aka yi ta rabawa tsakanin magada har ta kasa ciyar da kowa, ko yunwa irin ta 1816 da amfanin gona ya lalace. Littafin coci ba ya rufa asiri, yakan rubuta har wanda aka haifa ba aure. In kin ci karo da irin haka, ita kaɗai za ki gaya wa, cikin ladabi, ki bar mata zaɓin wanda za ta sanar.

Ki ɗauko mini hoton shafin farko na Baibul ɗin, a wuri mai haske, gefen takardar ma ya fito. Ki gaishe ta ƙwarai, ki ce mun gode da riƙon da take yi miki. Mahaifiyarki tana lafiya, tana jiran kiranki ranar Juma'a.

Kawunki